Kafin ka sayi siminti don cike tsakanin bulo: amsoshin tambayoyinku

Tun da ruwa ya ɗauke, yawancin saƙonnin da ke shigo wa wannan fili a kan bango suke. Haka abin yake kowace kaka a Maraɗi. Mutum ya zagaya bayan gidansa ya tarar kwaɓin da ke tsakanin bulo ya zube, wani wurin har yatsa na shiga, kunama ta samu maɓoya. Na zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wata Hajiya daga unguwar Ali Ɗan Sofo: "Katangar gidana ta bulon siminti ce, ba a taɓa yi mata shafe ba. Ta wajen titi tsawonta mita 20 ne, tsayi mita 2. Simintin da ke tsakanin bulo yana zubowa kamar gari. Magini ɗaya ya ce a shafe ta gaba ɗaya, in sayo buhu 12. Wani ya ce a ƙwaƙule tsakanin a sake cikewa. Wanne zan bi?"

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kafin ki bi kowa, ki sa yaro ya ɗauko doguwar ƙusa. A karce fuskar bulon kansa a wurare da dama, sama da ƙasa, sannan a karce kwaɓin da ke tsakani. In ƙusa ta bar ɗan zane kawai a jikin bulo amma tana nutsewa a tsakani, bulonki lafiya lau yake, kwaɓin ne ya mutu, kuma magini na biyu ya fi gaskiya. In kuwa bulon ma yana murmushewa, ana iya kankare shi da farce, to tun wurin buga shi aka yi ƙwauron siminti. A nan cike tsakani ba zai tsare komai ba, shafen ne zai ba shi kariya. Ko da haka sai an fara cike ramukan, don shafen da aka yi a kan rami daidai layin ramin yake tsagewa.

Yanzu lissafin buhu, don a nan kuɗinki yake. Fuskar katangarki murabba'in mita 40 ce. Bulon da muke gini da shi tsawonsa santimita 40, tsayinsa 20, wato kusan guda 12 a kowane murabba'in mita, kuma layukan da ke tsakaninsu in aka haɗa su wajen mita 7 ne. In faɗin layi santi 1 da rabi ne, aka ƙwaƙule zurfin santi 3, kwaɓin da zai shiga kowane murabba'in mita lita 3 ne da ɗan ɗori. Buhun siminti mai kilo 50 kusan lita 35 ne, in an haɗa kowane awo 1 nasa da yashi awo 5 yana ba da kwaɓi wajen lita 170. Kin ga buhu 1 ya ishi wannan fuskar, a ce 2 saboda abin da zai zube ƙasa da ramukan da suka yi zurfi. Shafe mai kaurin santi 2 a fuska ɗaya kuwa wajen buhu 5 zai ci. Ki tambayi mai buhu 12 ko ciki da waje yake nufi. Wataƙila yana da amsa, amma ki ji ta da kunnenki.

Abin da ya kamata ki sani shi ne wannan aiki kuɗin hannu ya fi kuɗin kaya, domin ƙwaƙulewar ce ke cin lokaci, kuma ita ce masu gaggawa ke tsallakewa. Su shafa ɗan siminti a bakin ramin da cokali, ya yi kyau a ido, damina ɗaya ta ɓamɓaro shi. Ƙa'idar da magina masu sanin aiki ke bi ita ce zurfin ƙwaƙule ya kai ninki 2 zuwa 2 da rabi na faɗin layin, kuma a ci gaba da tono har a tarar da kwaɓi mai ƙwari. Cikin ramin ya zama shimfiɗaɗɗe, kada ya tsuke ta ciki. A share ƙura da buroshi, a jiƙa bangon ya sha ruwa amma kada ya riƙa ɗiga, sannan a tura kwaɓin da siririn ƙarfe a danna shi sosai. Inda ya yi zurfi a cika shi hawa-hawa, kamar santi 1 kowane hawa, a bar na farko ya ɗan kama kafin na biyu. Idan ya kai yadda babban yatsa zai bar shaida a kai ba tare da ya manne ba, a bi shi da lanƙwasasshen rodi ya ɗan lotsa ciki, yadda ruwa zai gangare.

Ki yi ciniki a kan mita, kada ki yi a kan yini. Ki kuma sa sharaɗi ɗaya: in ya gama ƙwaƙulewa ya tsaya, sai ke ko wanda kika amince da shi ya zo ya auna zurfin da tsinke kafin a kwaɓa komai. A duba layukan tsaye musamman, don magina da yawa tun wurin ginin farko suke barin su kusan fanko. Maginin kirki ba zai ji haushin wannan sharaɗi ba.

Wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari: "Na gaji shago na jan bulo, irin gasasshen nan, daga mahaifina. Shekarun baya na sa an cike tsakaninsa da siminti mai ƙarfi, awo 1 da yashi awo 2. Yanzu simintin na nan daram, amma fuskar bulon ce ke ɓarewa tana faɗowa. An ce in sayo siminti mai lamba 42.5 a sake. Ya dace?"

Alhaji, don Allah kada ka saya. Abin da ka gani da idonka ya riga ya ba ka amsa: ƙarfin kwaɓin ne ya ci bulon, kuma ƙara masa ƙarfi ƙara ɓarna ne. Wannan ita ce maganar da na fi son masu karatu su riƙe a duk makon nan, don haka zan ɗan tsawaita.

Bango yana shan ruwa, ko muna so ko ba mu so. Ruwan Agusta da iska ke kaɗawa yana shiga ta ƙananan kafofin bulo, damshin ƙasa kuma yana hawowa ta gindi. Ruwan nan dole ya fita in rana ta buɗe, kuma ta inda ya fi sauƙi yake bi. A ginin da aka yi daidai, kwaɓin da ke tsakani ya fi bulon laushi da yawan kafofi, sai ruwan ya fita ta nan. Inda ruwa ya bushe kuwa nan yake barin gishirin da ya ɗauko, gishirin ya daskare ya kumbura a cikin kafofi, ya riƙa murƙushe wurin a hankali. Wato da gangan ake barin kwaɓi ya zama shi ne mai mutuwa, domin sake shi abu ne mai araha, sake bulo kuwa rushe bango ne. Da ka toshe tsakanin da siminti mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, ka juya hanyar. Ruwa ya koma fita ta fuskar bulo, gishiri ya taru a can, fuskar ta fara ɓarewa.

Akwai kuma motsi. Bangon da ke kallon yamma a watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40 a inuwa, yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, ga kuma hadarin farko da ke zubo masa ruwan sanyi yana tsakiyar zafi. Kwaɓi mai laushi yana bin wannan motsi. Mai tauri ba ya bi, sai gefen bulon ya karye. Wanda ya taɓa ganin an ɗinke fasasshiyar ƙwarya da waya maimakon zare ya san abin da ke biyo baya: wayar ba ta tsinkewa, ƙwaryar ce ke ƙara yagewa daga ramukan ɗinkin.

Simintin da muka sani ba tsohon abu ba ne. A 1824 wani magini a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi masa rajista, alhali mutane sun yi dubban shekaru suna gina bulo da dutse da ƙonanniyar farar ƙasa. Ita a hankali take ƙwari, tana jan iskar da ke kewaye da ita har ta koma kusan dutsen da aka ƙona aka samo ta, kuma ko ta yi ƙwari tana barin damshi ya wuce. Ita ce abin da shagonka ke bukata. In jan bulon mai ƙwari ne, wanda ke ƙara in an ƙwanƙwasa shi, a haɗa siminti awo 1, farar ƙasa awo 1, yashi awo 6. In mai laushi ne, irin wanda bai gasu sosai ba, a yi 1 da 2 da 9. In ya tsufa ƙwarai har ƙusa na shigarsa, a bar siminti gaba ɗaya, farar ƙasa awo 1 da yashi awo 3. Simintin da za a sa mai lamba 32.5, wanda bai kai mai 42.5 ƙarfi ba, ya wadatar.

Wurin saye ka lura. Ba kowane farin gari ne zai yi ba, alli da farin yumɓu ba sa kama yashi. Wadda ake nufi ita ce wadda aka ƙona daga dutse, irin da ake jiƙawa a shafa wa bango da gindin itatuwa. Tana zuwa iri biyu. Akwai ta dunƙule-dunƙule wadda ba a kashe ba, da ta taɓa ruwa sai ta ɗau zafi ta tafasa. Wannan sai an kashe ta: a zuba ruwa a tanon ƙarfe, a riƙa jefa ta cikin ruwan kaɗan-kaɗan, kada a zuba ruwa a kanta, a kare ido da hannu, a kori yara daga wurin, don tana ƙuna kuma tana iya makantarwa. A bar ta ƙarƙashin ruwa aƙalla mako 2, a tace da rariya. Akwai kuma garin da aka riga aka kashe, yana zuwa a buhu. In wannan za ka saya, ka nemi buhun da ba a buɗe ba, domin wanda ya daɗe a buɗe iska ta riga ta cinye ƙarfinsa. Ka ɗan kwaɓa kaɗan da yashi ka ajiye a inuwa mako 2 ka gani ko ya kama kafin ka sayi mai yawa.

In ka neme ta ka rasa, siminti awo 1 da yashi awo 6 ya fi abin da ke bangon yanzu nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai haɗin farar ƙasa ba. Amma kada ka yarda a barbaɗa garin sabulu a kwaɓin don ya yi santsi, kamar yadda wasu ke yi. Kumfa yake cusa masa marar kima, ba wanda ya san ƙarfin da zai rage.

Saura simintin da ke jiki. Inda ya saki ko ya tsage a cire shi da siririn kurfi, a hankali, ana bugu daga tsakiyar layi. Inda ya kama ƙam har cire shi zai tafi da gefen bulo, a ƙyale shi, a dawo masa in ya fara saki. Bulon da fuskarsa ta ɓare sosai ana iya zaro shi a juya, lafiyayyar fuskar ta koma waje. Aiki ne na haƙuri, kuma ya cancanci a yi shi, don jan bulo mai shekaru irin na mahaifinka ba kowace rana ake samun kamarsa ba.

Wani magidanci daga Ɗan Gulbi: "Gindin bangon ɗakina, daga ƙasa zuwa gwiwa, yana fitar da fari-fari kamar kanwa, kwaɓin yana zubewa. Sau biyu ina sa a cike, yana dawowa. An ba ni shawarar in manna tayil. In saya?"

Malam, ka ajiye kuɗin tayil tukuna, ka ajiye na siminti ma. Bangonka ruwa yake sha daga ƙasa, kuma duk abin da ka manna masa kafin ka tsayar da ruwan asara ce. Tayil zai ɓoye wurin na ɗan lokaci, amma damshin da ya rasa mafita a ƙasa hawa yake yi, sai ka ga farin ya ɓullo a saman layin tayil ɗin, ko ta cikin ɗaki bayan gado.

Mutanen Maraɗi sun san halin ƙasar kwari. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashi garin daga kwari aka hau tudu, kuma har yau gidajen da ke gangare sun fi fama da damshi. Amma sau da yawa ruwan da ke cin gindin bango daga cikin gidan yake, ko daga maƙwabta. Ka zagaya ka duba. Indararo yana zubarwa daidai gindin bango, ko yana jefa ruwan nesa? Makewayi ko wurin wanki yana jingine da wannan bangon? Akwai famfo ko bututun da ke yoyo a ƙarƙashi? Ana ɗaure tumaki ko awaki a wurin? Fitsarin dabba gishiri ne da shi mai yawa, yana cin kwaɓi ƙwarai. Sai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙasar titi. Bayan ruwan da ya yi ɓarna a garin nan a daminar 2024, gidaje da yawa sun jibge ƙasa da ɓaraguzai a jikin bango don tare ruwa. Niyyar mai kyau ce, amma in tulin ya haura harsashi ya rufe layin bulo na farko ko na biyu, damshi ya samu gada kai tsaye zuwa cikin bango.

Gyaran shi ne a ƙara tsawon indararo ko a sa masa bututu, a janye ƙasar da ta hau bulo, a gyara gangaren yadda ruwa zai gudu daga bango, a matsar da turken dabbobi. In za a yi daɓe a gindin, ya karkata waje. Daga nan a ƙwaƙule mataccen kwaɓin a bar wurin a buɗe hunturu ya busar da shi. Farin da ke fitowa a goge shi da busasshen buroshi a kwashe a zubar nesa. Kada a wanke da ruwa, don narkewa zai yi ya koma ciki. Sai bangon ya bushe sannan a cike, da haɗin nan mai farar ƙasa, 1 da 1 da 6. Ka sa a ranka cewa wannan layin na ƙasa zai bukaci sabuntawa bayan wasu shekaru. In kwaɓin ne ke zubewa bulon na nan lafiya, aikinsa yake yi.

Wata malamar lakkol daga unguwar Zariya: "Wane siminti ya fi, na Malbaza ko wanda ke shigowa daga Najeriya? Kuma zan iya sayen na awo tunda kaɗan nake so? Yaushe ya fi dacewa a yi aikin?"

Malama, a wannan aikin sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba. Na Malbaza da Dangote da BUA duk sun fi ƙarfin abin da cike tsakani ke nema. Ki duba sabunta. Siminti yana jan damshi daga iska ko yana cikin buhu, kuma bayan wata 3 da yin sa ƙarfinsa ya fara raguwa, balle wanda ya kwana damina a ƙasan shago. Ki sa a danna buhun ta kusurwoyi. In an buɗe, ki damƙi garin: ƙullutun da ke fashewa tsakanin yatsu ba komai, wanda ya ƙi fashewa ya riga ya sha ruwa, a mayar. Na awo daga buɗaɗɗen buhu ba na ba da shawararsa sai in a gabanki aka buɗe. Gara ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba sabon buhu.

Yashi ya fi siminti tasiri a nan, kuma shi ne ba a kula da shi. Rairayin da iska ke tarawa ya cika laushi, yana shan ruwa da yawa, kwaɓinsa na tsattsagewa in ya bushe. Ki ce wa mai amalanke yashin gulbi kike so, mai ɗan kaushi a hannu. Ga gwaji mai sauƙi: a zuba yashin rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye 'yan sa'o'i. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta kwanta a kansa. In lakar ta yi kaurin da ido ke gani sosai, a wanke yashin ko a canza. A kuma tankaɗe shi, don tsakuwa ɗaya na iya hana kwaɓi shiga siririn layi.

Lokaci kuwa Oktoba zuwa Nuwamba ne, ga bangon da ba shi da matsalar damshi. Ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Siminti da ruwa yake yin ƙwari, in ya bushe da wuri ya mutu ke nan ko da ya yi fari ya yi kyau. Siririn layi kuma nan da nan yake bushewa, ga bulo na tsotsa ta ciki ga iska ta waje. Saboda haka a bi inuwa, bangon gabas a yi shi da la'asar, bangon yamma kuma da safe. A rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a kai, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Ki sa kuɗin ɗan ga-ruwa cikin lissafi tun farko. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, abin da za a gama cikin awa 1. Wanda ya fara daskarewa a zubar, kada a ƙara masa ruwa a farfaɗo da shi.

Daga kwamitin wani masallaci a wajen Ɗan Isa: "Harsashin masallacinmu da katangarsa na dutse ne da aka gina da laka. Lakar ta zaizaye, duwatsu sun fara motsi. Matasa sun tara kuɗi suna so a cike da siminti."

Allah gafarta Malam, Allah ya saka wa matasan da alheri. Shawarata a kashe kuɗin a kan hannu mai kyau fiye da a kan buhu. Bangon da cikinsa laka ne, in aka yi masa fatar siminti a waje, fatar ba ta kama lakar. Tana tsagewa a gefen duwatsu, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, lakar ciki ta jiƙe ta yi laushi ba wanda ya gani, har ranar da ɓangare guda zai zame. Ga gara kuma tana son irin wannan ɓoyayyen damshi.

A fara da duwatsun da ke motsi. A ciro su ɗaya bayan ɗaya, kada a buɗe wuri mai faɗi lokaci guda, a share mazauninsu a sake zaunar da su a kan sabon kwaɓi. Manyan ramuka kada a cika su da kwaɓi zalla, a cusa ƙananan duwatsu a ciki a buga su su zauna, kwaɓin ya zama ɗan abin da ke riƙe su. Hakan yana rage tsagewa, yana rage kaya. Can ciki a mayar da irin lakar da aka yi ginin da ita, wadda aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa kwanaki. Santi 3 zuwa 4 na bakin waje a yi shi da farar ƙasa awo 1 da yashi awo 3, a tsayar da shi ɗan ciki kaɗan da fuskar dutse, kada a shafe gefen dutsen da shi. In farar ƙasa ta yi wuya, lakar da aka haɗa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da kakanninmu ke yaɓe da shi, tana jure ruwa fiye da laka zalla, sai dai a riƙa duba ta kowace shekara kafin damina. In kuna iya samun magini daga Adar, wajen Keita ko Buza inda ginin dutse ya zama ruwan dare, ku ɗauko shi ya yi aikin tare da matasanku su koya.

Sannan ku hau ku duba kan katangar. In samanta a buɗe yake, ta nan ruwan ke shiga. A nan ne siminti zai yi amfani: a yi mata hula mai gangare wadda ta ɗan zarce bangon ta kowane gefe.

Wani direba daga Burja: "Bangona ya tsage, tsagar tana bin layin bulo tana hawa kamar matakala. In cike?"

Ɗan'uwa, wannan ba ciwon kwaɓi ba ne, alama ce ta harsashi ya motsa, galibi saboda ruwa ya zaizaye ƙarƙashinsa ko an haƙa rami kusa da shi. Ka manna ɗan kwaɓi siriri a kan tsagar a wuri 2 ko 3, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa dubawa har damina ta wuce. In bai fashe ba, motsin ya tsaya, a cike kamar yadda na bayyana wa Hajiya. In ya fashe, ko tsagar ta kai yatsa na shiga, ko bangon ya fara karkata, ka kira injiniyan gini, kuma kada kowa ya kwana a jikin bangon kafin ya zo.

Wani yaron magini daga Tibiri: "Ina so in ƙware a wannan aiki. Na tara kuɗi kaɗan. In sayi injin yanka mai faifai?"

Ƙanena, na ji daɗin tambayarka, don masu wannan aiki da kyau sun yi ƙaranci kuma gidajen bulo na garin nan tsufa suke yi. Amma injin ba shi ne farkon saye ba. Faifansa ya fi bulo ƙarfi, hannu ya ɗan goce ka yanke gefe, kuma a layukan tsaye kusan ba makawa sai ya ci bulon sama da na ƙasa. A jan bulo mai laushi kada ka kusantar da shi ko kaɗan. Ƙurarsa kuma tana taruwa a huhu, ciwon da take jawowa ba ya warkewa.

Ka je wurin maƙeri ya yi maka siraran kurfi guda 2 waɗanda ba su kai faɗin layi ba, da ƙugiyar ƙarfe ta jawo mataccen kwaɓi, da ƙarafan turawa masu faɗin santi 1 da santi 1 da rabi. Ka sayi ƙaramar guduma, da buroshi mai tauri, da rariya, da tabarau na kare ido, da abin rufe hanci na kirki. Guntun katako mai mariƙi ya isa ɗaukar kwaɓi, guntun rodi da ka lanƙwasa ya isa gyaran fuska. Sauran kuɗin ka sayi ƙaramin famfon feshi irin na manoma, sabo wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba, don jiƙa bango da shi ya fi watsa ruwa da kwano. Ka roƙi maigidanka ya bar maka bayan wata katanga ka gwada murabba'in mita 1 da haɗi iri 2, ka dawo bayan kwana 28 ka karce su da ƙusa. In ka fara karɓar aikin kanka, ka riƙa yi wa mai gida irin wannan gwajin a ɗan lungu kafin ku yi ciniki, ya ga launi da zurfi da idonsa, kai ma ka san yawan lokacin da mita ɗaya za ta ci maka kafin ka faɗi kuɗi.